Wai da gaske tsohon nan ɗan fim ya je sararin samaniya, ko haɗin AI ne?

Tambaya: Malam barka da aiki. An turo wani bidiyo a gurup ɗin WhatsApp na gidanmu, wani tsohon bature cikin kumbo yana leƙen taga mutane na shawagi a gefensa, wai shekararsa 90 kuma ɗan fim ne. Yayana ya rantse haɗin AI ne. Ya zan gane gaskiya da wayata?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, ka ce wa Yaya wannan karon bai canka ba. Mutumin sunansa William Shatner, haifaffen Montreal a Kanada, shekarar 1931, kuma ranar 13 ga Oktoba 2021 ya hau kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin, na Jeff Bezos mai Amazon, daga yammacin jihar Texas a Amurka. Su huɗu ne a ciki, ba matuƙi, kwamfuta ce ke jan komai tun tashi har sauka da laima.

Amma fa kar a zuzuta, bai je wata ba, bai ma zagaya duniya ba. Harbawa ce sama ɗoɗar su wuce kilomita 100 kaɗan, su yi kamar minti uku jiki ba nauyi, sai a dawo, gaba ɗaya minti goma da 'yan sakanni, ko shayi bai gama hucewa ba. Wahalar tana wajen saukowa, don nauyin jiki kan ninka wajen sau biyar, ka ga tsoho mai 90 ya jure wannan ai ya yi ƙoƙari wallahi.

Dalilin da ya sa Yaya ya yi shakka ni na gane shi, domin shi dai wannan mutumin ne ya fito a Kyaftin Kirk cikin Star Trek, shirin talabijin na tafiye-tafiyen sararin samaniya, daga 1966 zuwa 1969, wato ya shekara hamsin da wani abu ana masa kallon direban kumbon ƙarya kafin ya shiga na gaske, a tsakani kuma babu abin da bai taɓa ba, ya yi ɗan sanda a T.J. Hooker, ya gabatar da Rescue 911, ya yi lauya a Boston Legal har da kambun Emmy, ya yi talla, ya rubuta littattafai, har faifan waƙa ya fitar tun 1968, ko da yake waƙar tasa magana ce kawai a kan kiɗa. 'Yar na'urar da yake buɗewa ya yi magana a Star Trek ma, in ka ga Motorola StarTAC ta 1996, waya mai murfi ɗin nan, kamar an tsaga kara.

To batun tantancewa. Ka tsayar da bidiyon daidai inda fuskarsa ta fito sosai, ka ɗauki sikirinshot, ka buɗe Google Lens ka loda hoton, zai jero maka inda ya taɓa fitowa, kai dai duba kwanan wata. In ka ga 2021 a gidajen labarai daban-daban magana ta ƙare, lokacin AI bai iya haɗa bidiyo mai kyau haka ba. Sannan ka shiga YouTube shafin Blue Origin ka rubuta NS-18, lambar tafiyar ke nan, kai tsaye aka haska ta. Ka rage ingancin hoton zuwa 360p kar ya cinye maka data.