Ga mai tambaya kan yaƙin basasar Amurka

Salamu alaikum ƙanwata. Na ga tambayarki tun da asuba, cewa an ba ki gabatarwa a aji kan yaƙin basasar Amurka, saura sati biyu, sunayen fagagen daga sun cakuɗe miki, kin rasa wanda za ki kama. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin a kan wannan batun aka taɓa tozarta ni a gaban aji guda.

Ina aji biyu a jami'a lokacin. Kwana huɗu na yi ina hadda, Fort Sumter, Bull Run, Shiloh, duk na jera su a kwali da jan biro. Na tashi na zuba su kamar mai biya allo. Malamin na zaune ya harɗe ƙafa yana kaɗa makullin mota. Da na dire sai ya ce, wanne ne ya juya akalar yaƙin? Na ce Gettysburg. Ya ce, don me? Na yi shiru. Sai ya fizge kwalin, ya ɗaga wa aji, ya ce ku zo ku ga aku. Aka tuntsire da dariya. Allin da ke hannuna har ya jiƙe saboda gumi. Tambayarsa tana kan hanya, amma mutumin da sau uku kacal ya shigo aji duk zangon, da wane baki zai kira ni aku? Sati guda ban taka makaranta ba, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗaci a maƙogwaro.

Don Allah kada ki yi hadda. Kowane gumurzu ki tambayi kanki, me ya canja bayansa?

Ki riƙe Antietam da kyau, 17 ga Satumba 1862. Janar Lee ya kutsa jihar Maryland da rundunar Kudu, wato jihohin da suka yi tawaye suka ɓalle, sai sojojin Arewa, ɓangaren gwamnati, suka tsinci takardar shirinsa yashe a ƙasa, an naɗe sigari uku da ita. Duk da haka kwamandansu McClellan ya tsaya jan ƙafa. A yini guda kusan mutum 23,000 aka kashe, aka jikkata ko suka ɓace. Kusan kunnen doki aka yi, amma Lee ya koma Virginia, shi kuwa shugaban ƙasa Lincoln dama abin da yake jira ke nan. Bayan kwana biyar ya sanar cewa daga 1 ga Janairu 1863 bayin da ke jihohin da suka yi tawaye 'yantattu ne. Daga nan mara wa Kudu baya ya zama abin kunya ga Ingila da Faransa, duk da ƙishin audugar Kudu da suke yi.

Gettysburg kuwa, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, a rana ta uku Lee ya tura mutum wajen 12,000 su keta fili fetal a gaban bakin igwa, kusan rabinsu ba su dawo lafiya ba. Amma kada ki bar ta ita kaɗai, nan ne na yi kuskure. Washegari, 4 ga Yuli, Vicksburg, garin Kudu da ke bakin kogin Mississippi, ta miƙa wuya ga Janar Grant na Arewa bayan ƙawanya ta kwana 47, mutanen gari suna kwana a ramukan da suka haƙa a jikin tudu, sojoji har naman alfadari suka ci. Cikin 'yan kwanaki kogin Mississippi ya koma hannun Arewa gaba ɗaya, Kudu ta tsage biyu. Ni a ganina wannan ya fi karya ta.

Sai Atlanta, birnin Kudu da Janar Sherman na Arewa ya kama a farkon Satumba 1864. Mutanen Arewa sun gaji da makoki, Lincoln da kansa ya zaci zai sha kaye a zaɓen Nuwamba. Wannan nasarar ce ta tsamo shi, har aka kai ga Lee ya ajiye makami a Appomattox ranar 9 ga Afrilu 1865.

Wani abu da ba ki tambaya ba, amma ya tsaya mini a rai. Baƙar fata kusan 180,000 ne suka sa kakin sojan Arewa, cikinsu har da ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi bawa yana yaro, aka keta Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts. Ranar da na fara karanta labarinsa sai da na yi hawaye. Ko a layi ɗaya ne ki ambace shi.

Ki zana taswira da hannunki, ki ja kogin da shuɗin biro. Ki sa ƙaninki ya zauna yana ce miki "don me?" bayan kowane suna har bakinki ya saba. Kuma ki turo abin da kika rubuta nan zaure kafin ranar, in sha Allahu zan duba miki.