Amsa: Fatsar tarwaɗa a Dam ɗin Tiga

Ɗan'uwa, ka tambaya wace ƙugiya za ka saya don tarwaɗa a Tiga, kuma me ya sa kullum ƙananan karfasa ke cinye maka tana.

Matsalarka ba ta ƙugiya kaɗai ba ce. Karfasa tana yawo a sama-sama da rana, ita kuwa tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci, kuma ta fi fitowa daga magariba zuwa asuba. Saboda haka ka cire abin da ke sa ƙugiyar yawo a sama, ka ɗaura 'yar dalma ta nutse har ƙasa. Ka sa ƙugiya babba da zare mai kauri, ka maƙala hanjin kaza ko hanta mai ɗan wari. Bakin karfasa ba zai iya da ita ba. Idan ka ji tarwaɗa ta taɓa, kada ka fizga nan take, bari ta ja tukuna. Wajen cirewa ka kula da ƙayar gefenta, sukarta ba daɗi.

Ƙananan da suka faɗo kuma, don Allah ka jiƙa hannu ka mayar da su. Haka mai ƙwai a farkon damina, lokacin da suke haurawa cikin ciyawa su zuba ƙwai. Masu zuba gamalin (maganin kashe ƙwari) ko jan gidan sauro a ruwa su ne ke ƙarar da kifin, kuma dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Kafin ka zauna a wani gaci, ka fara gaida Sarkin Ruwan wurin, kada zarenka ya sarƙe da kallin wani, wato ragar kamun kifinsa.