Kaya Sun Iso Da Lahani, Wa Zai Mayar Da Kuɗin Dako?

Wani ɗan kasuwa mai shago a Aboabo, nan Kumasi, ya aiko da tambaya. Ya ga fankoki masu caji a Alibaba, dandalin sayen kaya ta intanet, ya sa ɗan baffansa da ke Guangzhou a ƙasar Sin ya yi ciniki da mai kayan ta manhajar hira ta WeChat ya biya shi kai tsaye, domin an ce hakan ya fi arha. Fanka 200 suka ci sidi 30,000, dako ta jirgin ruwa da kuɗin kwastan kuma suka ci sidi 9,000. Da kayan suka iso, 70 daga ciki ba sa riƙe caji. Mai kayan ya ce a mayar masa da su kafin ya biya komai, ejan da ya yi dakon kayan ya ce shi aikinsa ya kammala, shi kuwa yana so ya san hanyar da zai bi ya karɓo kuɗin dakonsa.

Malam, ranar da ka bar ɗan baffanka ya biya kuɗin nan a wajen Alibaba, ranar ka yi asarar kuɗin dako, tun kafin a naɗe kwali ɗaya. Ba ina cewa ya ci amanarka ba ne, wataƙila ma ya yi maka ne don zumunci. Amma yau babu oda da sunanka, babu rasit da sunanka, babu wata rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi irin batirin da ke cikin fankar ko awa nawa za ta yi bayan caji. A idon mai kayan, wanda ya saya shi ne mutumin da ke Guangzhou, kuma wannan mutumin ya karɓi kayan bai yi ƙorafi ba. Rangwamen da aka yi maka don ka fita daga dandalin, kariyarka ce ka sayar da ita.

Alibaba na da tsarin da ake kira Trade Assurance, wanda ke ba mai saye damar neman a mayar masa da kuɗi idan kaya suka saɓa wa abin da aka rubuta a oda, amma sharaɗinsa na farko shi ne a biya ta cikin dandalin. Wa'adin shigar da ƙorafi kuwa a al'ada kwanaki 30 ne daga isar kaya. A nan ne 'yan kasuwarmu da yawa ke faɗawa rami, domin adireshin da suke bayarwa na siton ejan ne a Guangzhou ko Yiwu, saboda haka lissafin kwanakin yana farawa tun kayan na ƙasar Sin. Jirgin ruwa kan yi fiye da wata guda kafin ya iso Tema, sannan a yi zaman fitar da kaya daga tasha, sannan mota ta hauro da su Kumasi. Kafin ka yanka kwali na farko wa'adin ya wuce.

Ka kuma fahimci cewa kuɗinka hannu uku suka shiga. Mai kaya ya karɓi na kaya, ejan ya karɓi na dako, hukumar haraji ta karɓi na kwastan. Ejan ya yi gaskiya, tun da kwalayen sun iso a rufe ba su jiƙe ba, ba su fashe ba, batirin da ya mutu tun daga masana'anta ba laifinsa ba ne. Na kwastan kuwa kada ka sa rai da shi bayan kaya sun bar tasha. Wanda ya rage shi ne mai kaya, shi kuwa ba ya mayar da kuɗin da bai shiga hannunsa ba sai idan an rubuta hakan tun farko, ko kuma idan yana tsoron rasa mai saye. Dokar cinikin kaya ta Ghana ta 1962 tana ba mai saye haƙƙi a kan kaya masu lahani, amma ba za ka iya jawo mai masana'anta a Sin gaban kotu a Kumasi a kan wannan kuɗin ba. Sai dai ma ka sani cewa idan ka sayar wa jama'a fankokin nan a haka, kai dokar za ta kama.

Na san wata hajiya mai sayar da injin markaɗe a Kejetia da irin wannan ta same ta, amma ita odarta da sunanta take, kuma ta sa an rubuta a ciki cewa duk abin da ya zo da lahani mai kaya zai biya kuɗinsa da rabonsa na dako. Tana biyan wani yaro a Guangzhou ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya je sito ya buɗe kwali ɗaya cikin goma, ya jona injin a wuta, ya turo mata bidiyo. A wata oda ya tarar da injuna suna hayaƙi da zarar an kunna, aka mayar da su masana'anta cikin mako guda a kuɗin mota na cikin gida, ba su taɓa ganin ruwa ba. Wani kuma da na sani a Alabar ya bi maganar mai kaya, ya biya jirgin sama ya mayar da fitilun da suka lalace, kuɗin aikawar ya fi darajar fitilun, aka ce masa ai a hanya suka lalace, ya tashi babu fitila babu kuɗi.

Saboda haka kada ka mayar da fankokin nan. Kaya masu batirin litiyam suna da tsauraran ƙa'idoji a jirgin sama, kuɗin aikawa zai cinye abin da kake nema. Ka kira ɗan baffanka cikin mutunci ka ce ya turo maka hoton duk hirar da ya yi da mai kayan da shaidar biyan kuɗin. Ka jera fankoki 70 ɗin a gaban shago, ka ɗauki bidiyo da ke nuna tambarin kwali, da lambar da ke jikin kowace, da yadda take mutuwa da zarar an zare waya. Sannan ka nemi abu biyu a rubuce: a aiko maka da batura 70 kyauta, kuma a cire maka rabon dako da kwastan na waɗannan fankoki daga oda ta gaba. Lissafin a fili yake, 70 cikin 200 kashi 35 ne cikin ɗari, wato kimanin sidi 3,150 daga cikin 9,000 ɗin. Masu kaya a Sin sun fi saurin yarda da ragi a ciniki na gaba fiye da fitar da tsabar kuɗi, kuma mai gyaran lantarki a nan zai sauya maka baturan.

Ka ce a wasiƙarka ka shiga harkar ne saboda ka ga masu bidiyo a TikTok suna cewa jari na ninkawa cikin wata biyu. Ban da haƙuri da wannan magana, domin masu faɗinta ba sa nuna kwalayen da suka ruɓe a sito, kuma da yawansu kuɗin koyarwa suke nema a hannunka. Oda ta gaba ka rage yawanta, ka buɗe asusu da sunanka, ka biya ta cikin dandalin ko da ya ɗan fi tsada, ka sa a rubuta wanda zai ɗauki dako idan an samu lahani, ɗan baffanka kuma ka ba shi aikin gwada kaya a sito kafin su shiga kwantena, ka biya shi ladansa.