Me ya sa Hajiyarmu take fushi in an ce mata ta tsufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata shekararta 67, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Yanzu takan je Kano ta saro atamfa a Kantin Kwari, ta sayar wa matan unguwa. Kwanan baya yayanmu ya ce mata, "Hajiya, kin tsufa fa, ki bar wannan zirga-zirgar ki zauna ki huta, mu za mu yi miki komai." Wallahi da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kwana uku ba ta sakar masa fuska ba. Abin da ya ɗaure mini kai, jikokinta kullum "tsohuwa" suke ce mata, tana dariya tana bin su da mafici. Ƙin yarda da tsufa ne, ko wata damuwa ce da ya kamata mu kai ta asibiti? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. A cikin abin da kika faɗa ban ga alamar ciwo ba. Mace ce mai hankalinta, an gaya mata magana mai nauyi, ta kuma ji nauyinta.

Mutum yana da shekarun da aka rubuta masa a takarda, yana kuma da waɗanda yake ji a ransa, kuma ba kasafai suke zuwa daidai ba. A 2006 masu bincike biyu, David Rubin da Dorthe Berntsen, sun tambayi mutum 1,470 a ƙasar Denmark shekara nawa suke jin kansu. 'Yan ƙasa da 25 sun fi jin sun girmi shekarunsu. Waɗanda suka haura 40 kuwa suna jin kansu ƙasa da ainihin shekarunsu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Da wannan ma'auni, Hajiya a ranta ba ta wuce 54 ba. A Amurka ma, cibiyar bincike ta Pew ta yi tambaya a 2009: yaushe tsufa yake farawa? Masu shekara 18 zuwa 29 suka ce a 60, waɗanda suka kai 65 zuwa sama suka ce sai 74. A ƙasashen Turawa aka yi waɗannan bincike, amma abin da nake gani a wurin aikina bai saɓa ba. Sau da yawa dattijo mai shekara 70 yakan ce da ni zai je ya gaida "tsofaffin unguwa", kuma har ga Allah bai sa kansa a cikinsu ba. Ba ƙarya yake yi ba. Wanda ke cikin jikin shi ne dai yaron nan da ya ga fam da sule kafin naira ta zo a 1973. Gwiwa ce ta canja.

Sai dai wannan kaɗai bai bayyana fushin kwana uku ba. Amsar tana cikin harshenmu.

Bahaushe ya raba dattijo da tsoho. Dattijo ake aikawa neman aure, shi ake kira in rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, gabansa ake raba gado. Ba wanda aka taɓa ce wa dattijo ya ji haushi. Tsoho kuwa kalma ce da mutum yake tarayya da kaya a cikinta: tsohuwar mota, tsohon takalmi. Ita ce kuma muke liƙa wa wanda ya sauka daga kujera, tsohon gwamna, tsohon shugaban makaranta. Amma da wannan kalmar saurayi yake cewa "tsohuwata" yana nufin uwar da ba ya haɗa ta da kowa, da ita kuma muke cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kin ga ashe kalmar ba ta da laifi ita kaɗai. Mai jinta yana sauraron abin da ya biyo bayanta ne.

To me ya biyo baya a bakin yayanku? "Ki zauna, mu za mu yi miki komai." Shi tausayi ya nufa. Ita kuwa abin da ya shiga kunnenta shi ne an gama da ke. Ki tuna an taɓa sallamar Hajiya sau ɗaya da takarda, domin ƙa'idar aikin gwamnati a lokacinta ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ko da kuwa mutum yana da sauran ƙarfi (sai a 2022 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40). Bayan an karɓe mata aji da alli, ta gina wa kanta wani abu: abokan ciniki a Kwari, matan da ke sallama suna tambayar sabon yayi, kuɗin da za ta yi biki da adashi da sadaka ba sai ta miƙa wa kowa hannu ba. Yanzu ɗan da ta goya ya zo zai yi mata ritaya ta biyu. Ni ma da ni ce zan ɗaure fuska.

Jikoki kuwa a kan wata tabarmar suke. Tsakanin jika da kaka wasa ne da al'ada ta halatta: ta ce masa mijina marowaci, ya ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Jika ba shi da ikon hana ta zuwa ko'ina, kuma tsokanarsa jawo ta take yi cikin hira. Shi ya sa take dariya.

Zan ƙara da cewa kalmar ta fi yi wa mata ciwo. Namiji in ya yi furfura ana ƙara masa girma a masallaci da majalisa. Mace kuwa ta san yadda ake faɗin "wannan tsohuwar" a bayan ido, ta kuma san har yau akwai inda tsohuwar da ta fara ruɗewa ake jifanta da maita maimakon a kai ta ga likita. Wannan abu yana ƙona mini rai matuƙa.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya a ɓacin rai. Becca Levy ta jami'ar Yale ta fitar da wani bincike a 2002 a kan mutum 660 'yan shekara 50 zuwa sama a jihar Ohio, waɗanda aka bibiyi rayuwarsu har tsawon shekara 23. Cikin abin da aka tambaye su har da ko sun yarda cewa amfanin mutum raguwa yake in ya manyanta. Waɗanda ke kallon manyantarsu da kyakkyawan zato sun rayu kimanin shekara bakwai da rabi fiye da sauran. Rai na Allah ne, amma sababin a fili yake: wanda ya yarda an gama da shi yakan daina fita, ya daina motsa jiki, ya bar shan maganin hawan jini, ya ce yanar ido ko ciwon gwiwa "ai tsufa ne", alhali duk ana maganinsu.

Shawarata, yayanku ya je ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ba tare da dogon bayanin niyyarsa ba. Allah da ya hana a ce wa iyaye ko da "uf" a Suratul Isra'i, a kan lokacin manyantarsu ya yi maganar, ya kuma ce a faɗa musu magana ta karamci. In hanyar Kano ce take tsorata shi, ya faɗi hakan kai tsaye: "Hajiya, hanyar nan ce ba ta kwanta mini ba." Sannan ya tambaye ta abin da zai sauƙaƙa mata. Wataƙila mota ce ta kanta ranar sari, ko jika ya raka ta ya ɗauki kaya, ko dillalinta ya riƙa turo hotunan atamfa ta WhatsApp ta zaɓa, ta rage zuwa. Ita za ta yanke. Ku kuma ci gaba da kawo mata shawarar gida kafin a gama magana, ba bayan an gama ba.

Asibiti yana da lokacinsa. In kun ga ta yi mako biyu ko fiye ba walwala, ba cin abinci, barci ya ƙaurace, ta daina sha'awar cinikin da take so, ko tana yawan cewa gara ta mutu, ku kai ta, domin ciwon damuwa yana kama manya kuma yana jin magani. Haka in lissafin kuɗi ya fara rikice mata, tana maimaita tambaya ɗaya, ko ta ɓace a hanyar da ta sani. In kuma saurin fushin ya zo tare da yawan cewa "me ka ce?", a duba mata kunne tukuna.