Da wane kuɗi Turawa suka gina hanyoyi a Arewa tun farkon mulkinsu?

Malam, ka tambaya ko daga Ingila aka kawo kuɗin gina hanyoyin Arewa a farkon zuwan Turawa. Kaɗan ne daga can. Ƙa'idar gwamnatin Ingila ita ce kowace ƙasar da ta mallaka ta ciyar da kanta. Bayan 1900 gwamnatin Lugard, Baturen da ya fara mulkin Arewa, ba ta da tashar teku da za ta karɓi kwastan, sai tallafi daga Landan da abin da Kudu ke turowa, kuma yawancinsa albashin soja da ma'aikata ke cinyewa.

Sai aka juyo kan talaka. Dokar 1906 ta tattara tsofaffin harajin sarakuna ta mai da su haraji da jangali, masu unguwanni da dagatai da hakimai ke tarawa. Daga baya aka kafa baitulmali a masarautu, Katsina da Kano na cikin na farko, inda ake barin wajen rabin abin da aka tara. Daga nan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ke biyan albashi, ta yi gada da kwalbati, ta gyara hanyar rani.

Amma abin da ya fi ba ni takaici, takardun kasafi ba sa nuna gumin kakanninmu. Hakimi zai aiko a fitar da maza, kowa da fartanyarsa da kwandonsa, su share hanya, su ɗauko marmara a ka, sau da yawa ba ko anini. Hanyoyin kuma akasari tashar jirgin ƙasa suka nufa, musamman bayan dogo ya iso Kano a 1911, don gyaɗa da auduga da fatu su isa teku.