Amsa ga mai son hawa Duwatsun Shere ya kwana da karensa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: kana da kare Alseshan ɗan shekara 2, nauyinsa wajen kilo 28, ku uku za ku hau Duwatsun Shere da ke gabas da Jos a watan Disamba, ku kafa tanti ku kwana ɗaya, kana son sanin ko zai jure da kuma abin da za ka ɗaukar masa.

Zai jure in ka shirya shi. Amma ka cire karnukan mafarauta daga lissafinka. Karen da ya tashi a ƙauye kullum yana bin ubangidansa daji, tafin ƙafarsa ya yi kanta kamar na manomi, ya san ƙaya, ya san inda ake samun inuwa. Naka a kan siminti da tayil ya girma, tafiyarsa daga keji zuwa get. Shere kuwa dutse ne mai kaushi, ƙololuwarsa ta haura mita 1,800, kuma kare ba ya cewa ya gaji. Zai yi ta binka yana kaɗa jela har fatar tafinsa ta saluɓe, sai kun zauna hutu ka ga jini a kan dutse.

Don haka makonni huɗu zuwa shida kafin ranar, ku fara fita. Kilomita 3 a makon farko, a ƙara kaɗan kaɗan har ku kai 8 ko 10, a kan tsakuwa da burji da ɗan hawa, ba kwalta kaɗai ba. Bayan kowace fita ka juya ƙafafunsa huɗu ka duba. In tafin ya yi ja ko ya yi santsi kamar an goge shi da sanfefa, a huta kwana biyu. Hunturu yana busar da tafin har ya tsage, ɗan man kaɗanya da dare yana taimakawa, a shafa kaɗan don zai lashe. A rage masa farce ma, dogon farce shi ke maƙalewa a tsagar dutse ya karye tun daga tushe, kuma jininsa ba ya saurin tsayawa.

A cikin waɗannan makonnin ka kai shi wurin likitan dabbobi. Allurar rigakafin ciwon hauka ita ce ta farko, kuma in bai taɓa yi ba ko ta wuce shekara, a yi ta aƙalla mako uku kafin tafiya, domin ba ranar da aka yi take fara aiki ba. Kuna kusa da Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take, ba za ka sha wahalar samu ba. Ka sa katin allurar a leda ka tafi da shi. In tsautsayi ya sa ya yagi wani a ƙauyen gindin dutse, wannan katin ne zai sauƙaƙa magana. Wanda aka ciza a wanke masa wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti ranar, da kati ko babu. A tambayi likitan ya duba ko sauran alluran sun cika, musamman wadda ta haɗa da cutar da ake ɗauka a ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata. Sai maganin kaska. Na ɗigawa a ƙeya a sa shi kwana biyu ko uku kafin tafiya, kada a yi masa wanka a tsakanin. Fiya-fiya da maganin feshin gona da baƙin mai da wasu ke shafa wa kare, kada ka kusance su, ya lasa ya fara dalala da makyarkyata, wasu ba sa kaiwa asibiti.

Ruwa shi ne babban lissafin tafiyar nan, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Kare a zaune a gida yana shan wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Naka ke nan wajen lita ɗaya da rabi. Ranar hawa, ga haki ga busasshiyar iskar hunturu, zai iya kai lita 3. Daga safiyar yau zuwa azahar ɗin gobe ka ware masa lita 5, ban da naku na sha da girki da alwala. Lita ɗaya kilo ɗaya ce a bayanka, ka lissafa tun a gida. A Disamba kada ka dogara da rafi, yawanci sun ja baya, abin da ya rage kududdufi ne a kwarmin dutse mai gansakuka da kashin dabbobi. Ya sha wannan, gudawa ce cikin dare a bakin tantinku. Ba shi ruwa kaɗan kaɗan duk rabin awa, kamar cikin kofin shayi ɗaya ko biyu. Kada ka bar shi ya yi ƙishi sannan ya kwankwaɗi lita guda a tashi ɗaya, zai amayar.

In ka sayo masa jakar da ake ɗora wa kare a gadon baya, kada kayan su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 3 zuwa 4, kuma a daidaita ɓangarorin biyu. Gorar lita ɗaya a dama, ɗaya a hagu, abincinsa a raba biyu. In gefe guda ya fi nauyi jakar za ta karkata, maɗaurin ya yi ta gurzar hammatarsa har ya yi gyambo. Yatsunka biyu su iya shiga tsakanin maɗauri da jikinsa. Ya fara yawo da ita babu komai a ciki tun a gida. A wurin hawa mai tsauri ko tsallake tsaga, cire masa ita ka riƙe.

Abinci kuwa wanda ya saba ci. Ranar tafiya ba ranar gwajin sabon abu ba ce. In yana cin giram 400 na busasshen abincin kare a yini, ƙara masa kamar 100. Alseshan yana cikin karnuka masu zurfin ƙirji da ciki ke iya kumbura musu ya murɗe, kuma wannan cikin sa'o'i yake kisa. Alamarsa ciki ya yi tauri kamar ganga, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, ya kasa zama wuri ɗaya. Don gudun haka, ba a cika masa ciki a fara hawa, ba a kuma ba shi abinci yana haki. Ya ci kaɗan awa biyu kafin tashi, babban cin kuma awa ɗaya bayan kun sauke kaya ya huce. Ka gaya wa abokan tafiyarka kada su jefa masa tsire ko kilishi, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji. Cakulan da zabibi ma guba ne gare shi.

Yanzu maganar igiya, wadda na san za ka so ka yi mini gardama a kanta, don kowa yana ganin karensa yana jin kira. Yana ji a tsakar gida. A kan dutse, agwada ta gilma ko ya hango biri, kunnensa ya toshe, kuma ba ya duba ko bayan wancan dutsen rami ne. Mafi muni, akwai makiyaya da shanu da tumaki a kewayen, akwai gonaki a gindin duwatsun. Baƙon kare ya kori ɗan maraƙi ko ya kama akuya, an bar maganar yawon shan iska an shiga wata, kuma kowa ya san yadda ƙaramin abu ke girma a Filato. Saniya mai ɗa ma da kanta za ta iya tunkuyinsa. Ka riƙe shi da igiya mai ƙwari ta mita 2, a ɗaure a maɗaurin ƙirji ba a wuya ba, saboda in ya zame a gangare da shi za ka tallafo shi, na wuya kuwa shaƙe shi zai yi ko ya zare kansa ya fita. In kun yi kiciɓis da garke, ku koma gefe can, ka zaunar da shi, ku yi sallama, ku bari su wuce. Lambar wayarka ta kasance a jikin abin wuyansa.

Kafin ma ku hau, ku tsaya a ƙauyen da za ku bar mota, ku gaisa da mai unguwa, ku faɗi inda za ku kwana da lokacin saukowa, ku ɗauki ɗan jagora ɗan gari ku biya shi. Shi ya san inda aka ɗana tarko, ya san ɓangaren da ba a zuwa a wannan makon. In mutanen gari sun ce kada a kwana, ku hau ku sauko da rana.

Ku fara hawa da sassafe. Ko a Disamba, dutse yana ɗaukar zafi da tsakar rana. Ɗora bayan hannunka a kai ka ƙirga bakwai, in ka kasa jurewa shi ma tafinsa ba zai jure ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake huce jikinsa. In ka ga harshen ya fito zalalo ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi ko yana neman kwanciya a kowace inuwa, a tsaya nan take. A kai shi inuwa, a jiƙa masa ciki da hammata da cinyoyi, a yi masa fifita. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, ya kai 41 ransa na cikin haɗari.

Da dare labari ya juya. Sanyin Jos a Disamba yana sauka kusa da digiri 10, a saman dutse da iska ya fi haka ciwo. Gashin Alseshan zai riƙe shi ta sama, ta ƙasa ne dutse ke zuƙe ɗumin jikinsa. Yankin katifar soso siririya ko buhu biyu da tsohon bargo a kai ya wadatar. Ku kafa tanti kafin magariba, a bayan dutsen da ke tare iska, nesa da tsagogi da tarin duwatsu da doguwar ciyawa, ku share wurin ku haska da tocila saboda kunama. In abokanka ba sa son kare ya raɓe su, kuma da yawa ba sa so, ku yi maganar tun a gida. Ya kwana a rumfar bakin tanti, a ɗaure da igiya mai tsawon mita 3 zuwa 4 a jikin dutse ko itace, ba a jikin turken tanti ba, don da fizga ɗaya zai rusa muku ɗaki a ka. Kwanonsa daban mai launi daban, buta a rataye, darduma a cikin leda. Ka gwada kwana da shi a tantin a tsakar gida sau ɗaya. Wanda bai saba ba, duk motsin iska sai ya yi haushi, babu mai runtsawa. Wuta kuma ƙarama a cikin da'irar duwatsu, ciyawar Disamba kamar fetur take, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta. Kashinsa a haƙa rami mai zurfin kamar tafin hannu a binne, nesa da ruwa da hanya.

Kafin ya kwanta, ka bi jikinsa da hannu da tocila: cikin kunne, tsakanin yatsu, hammata, gindin jela. Ƙaya da ƙarangiya a tsakanin yatsu suke ɓuya. Kaska a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe a hankali, ba a ƙona ta da ashana, ba a zuba mata kananzir, ba a matse cikinta. In bayan mako ɗaya zuwa uku da dawowa ya daina cin abinci, jiki ya yi zafi, dasashi ya yi fari ko fitsari ya yi duhu, ka gaya wa likita cewa kun je daji, zazzaɓin kaska zai fara nema.

Jakar magani ba sai ta yi girma ba: hantsaki, bandeji, auduga, filasta, aidin da za ka sirka da ruwa har ya yi kalar shayi mara ƙarfi, tsohuwar safa biyu da za a zura wa ƙafar da ta yanke, da takunkumi, domin kare in yana jin ciwo har ubangidansa yana cizo. Farasitamol da ibuprofen ɗinka kada ka ba shi, suna lalata masa hanta da ƙoda da ciki.

Maciji ba ya yawan yawo cikin sanyi, amma yana fitowa shan hantsi a kan dutse, kuma kare da hanci yake bincike, shi ya sa sara ya fi samunsa a fuska da ƙafar gaba. In gamsheƙa ta tofa masa dafi a ido, a yi ta kwarara ruwa a idon na minti 15, kada a bari ya sosa. In sara ne, na kasa ko kububuwa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafar tamau. A cire abin wuya in fuska ta fara kumbura, a hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa mota. To kilo 28 ne, a gangaren dutse, watakila da dare. Ku gwada a gida: ku kwantar da shi a bargo, mutum biyu su kama gefe da gefe su zagaya gida da shi sau biyu. Abin da kuka ji a hannuwanku shi zai gaya muku nisan da ya kamata ku yi. A tafiyar farko kada masaukinku ya wuce awa biyu daga inda kuka bar mota, kuma lambar likitan dabbobi da ka tabbatar yana ɗaga waya ran Asabar da dare ta kasance a wayoyinku ku ukun.