Amsa ga Ƙanena Kan Hayar Mota a Jamus

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari saƙonka, ka ce za ku Jamus kai da abokan kasuwancinka uku, kuna so ku ɗauki hayar ƙaramar Marsandi ɗin nan A-Class ku zaga da ita. To bari in gaya maka abin da na gani da idona, don na tuƙa irinta a Nuwamban 2023, lokacin da munka je baje kolin injinan noma na Agritechnica a Hanoba, neman injin casar shinkafa.

Motar tana da daɗi, wallahi ba zan ɓoye maka ba. Daga filin jirgin Farankfot munka ɗauke ta, munka bi babbar hanyar A5 munka faɗa A7, wajen kilomita 350 zuwa Hanoba, ka ga ya fi ka tashi Birnin Kebbi ka je Sakkwato ka komo. Wajen Kasel akwai hawa da gangara da kwanoni, amma motar nan ta lafe a titi kamar an liƙa ta. Sitiyari ba ya rawa, ba ka jin ƙarar iska, kujera ma tana ɗumama maka baya cikin wannan sanyin. To amma mu biyu ne. Ka ji inda maganar take. But ɗinta bai kai lita 400 ba, manyan akwatuna biyu sunka cika shi taf, jakar hannu sai kujerar baya. Ku huɗu, kowa da akwatinsa, ga rigunan sanyi, ga tsarabar da na san ba za ku dawo babu ita ba? Ba za ta ɗauke ku ba. Na baya kuma in dogo ne, gwiwarsa na jikin kujerar gaba har ku isa. Ku nemi mai dogon baya, irin wadda muke ce ma wagon, ko da sunanta bai kai Marsandi ba.

Sai takardu. Ka je wurin 'yan Road Safety ka yi lasin ƙasa da ƙasa, ka haɗa da naka na gida, duka biyun za su nema. Katin banki kuma dole sunan direba ne a jiki, kuma su kan so katin bashi ne, don za su riƙe kuɗin ajiya a kai har ka maido mota lafiya. Motar alfarma ajiyarta ta fi nauyi. Duk wanda zai karɓe ka tuƙi a rubuta sunansa cikin yarjejeniya, in ba haka ba inshora ba ta san da shi ba. Inshorar ma ka sayi cikakkiya, don ƙaramin ƙarzon da mu nan ba za mu ko kalla ba, can kuɗi ne. Kafin ka motsa ka zagaye motar da waya ka ɗauki bidiyo, har da ƙafafu da gilashi. Ka buɗe but ka duba, yawancinsu ba safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙe faci.

Tuƙi hannun dama ne kamar namu, wannan ba matsala. Amma labarin da ake yi cewa babbar hanyar Jamus ba ta da iyakar gudu, rabi ne. Akwai wuraren da babu, inda shawararsu gudun kilomita 130 a awa ce, amma wurare da yawa allo zai nuna maka 120 ko 100 ko 80 wajen gyaran hanya, kuma kyamara na aiki. Tara ta kamfanin haya za ta biyo, su ƙara nasu kuɗin aiki a kai. Layin hagu na wuce mota ne kawai, ka wuce ka koma. Ni ina 140 na ga fitila can nesa a madubi, kafin in ƙifta ido ta iso bayana. Kada ka wuce kowa ta dama, laifi ne. In go-slow ya haɗu, na layin hagu su matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar tsakiya don motar asibiti. Cikin gari 50 ne. In kuma za ku tsallaka Holan, ku faɗa ma kamfanin tun farko, kuma can da rana 100 ce a yawancin manyan hanyoyinsu.

Wajen shan mai kai za ka zuba da kanka, ka buɗe murfin tanki ka karanta ko fetur ne ko dizal kafin ka ɗauki tiyo. A cike anka ba ka, a cike za ka maido. In lokacin sanyi ne ka tabbatar tayoyin hunturu ne a ƙafarta. Kuma rana gajera ce, a Nuwamba kafin biyar magariba ta yi, mu a wurin hutawar bakin hanya munka haɗa azahar da la'asar, munka yi ƙasaru. Ku tashi da sassafe, kada tuƙinka na farko ya zama cikin duhu da ruwan sama.

Ka turo min takardar da kamfanin ya aiko maka in duba wajen inshorar kafin ka biya. Ka gaida Hajiya da yara.